Ɗakin 'Yan Aji Huɗu

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Yau 'yan aji huɗu sun ba ni kunya. Gasar gudu ta ƙarshen zango ta matso, na fito da su fili na ce su zagaya sau biyu, abin da bara suke yi suna dariya suna tsokanar juna. Kafin a gama zagaye ɗaya rabinsu sun zube a gindin katanga, wannan yana tari, wancan ya dafe kai. Na busa usur har kunnena ya yi zafi. Na ce musu ragwaye, na ce ko kakata ta fi su sauri, ita da ta daɗe a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya.

Barewa ce kaɗai ta ƙarasa. Ni na sa wa yarinyar nan wannan suna tun tana aji biyu, don in ta zura da gudu sai dai ka ga bayanta. Yau ma ita ta zo ta ɗaya, amma ta daɗe a sunkuye, hannuwa a gwiwa, ƙirjinta yana wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

'Yata Mamana tana cikin waɗanda suka zube. Ban kalle ta ba, kada a ce malamin motsa jiki yana son kai.

'Yan aji uku da 'yan aji biyar lafiya lau suka yi nasu.

Laraba, da yamma

Mamana ta dawo ta kwanta da kayan makarantarta, ba ta ci abinci ba. Kanta ke ciwo, in ji ta. Uwarta ta cire mata rigar, ta kai hanci, ta miƙo mini.

"Sansana ka ji. Wannan warin mene ne?"

Na ce warin yara ne da zufa.

"Zufa ba ta zaƙi. Wannan har cikin maƙogwaro yake sauka."

Na ce ta wanke kawai.

Alhamis, lokacin tara

Malamar aji huɗu ta koma gida da jiri, Yaya ya ce in riƙe mata ajin. Makarantar tasa ce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni kwaleji, shi ya ba ni wannan aikin. In ya ce riƙe, sai in riƙe.

Tun da aka fara zangon nan ban taɓa zama a ɗakin ba, ni aikina a fili yake. Da can ɗakin ajiyar kaya ne, da ɗalibai suka yi yawa Yaya ya gyara shi ya zuba benci. Ƙofa ɗaya ce. Taga ɗaya a gaba, tana kallon baranda, gilashinta ba ya buɗuwa. Tagogi biyu na baya an toshe su da bulo tun lokacin da Yaya ya ba mai fentin motoci hayar filin da ke bayan bango, wai saboda ƙara. An shimfiɗa leda a ƙasa, in ka taka sai ka ji danshi yana motsi a ƙarƙashinta. Silin ya yi baƙi a kusurwar baya inda ruwan sama ke ɗiga, kwali ɗaya ya lotsa ya bar rami. Fanka tana juyawa, amma iskar da ke ciki ita take ta dama wa mutane.

Daga bayan bango injin feshi yana ta huci. Ya tsaya. Ya sake.

Warin rigar Mamana ne. Yana nan cike da ɗakin.

Yara talatin da wani abu, ba mai surutu. Na yi shekaru ina roƙon yara su yi mini shiru, yau na samu na rasa inda zan sa kaina. Na ba su lissafi, wasu suka kifa kai a kan benci. Ban tashe su ba.

Abin da ya fi damuna, can wajen rabin darasi na lura na daina jin warin. Sai da na fito baranda iska ta buge ni, na ji kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi.

Kujerar Mamana tana layin ƙarshe, daidai ƙarƙashin ramin.

Juma'a, da hantsi

Na sami Yaya a ofis yana shan shayi. Na daɗe ina zagaye kafin na faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

"Autan Baba, daga busa usur ka koma likita? Mura ce ta damina. Je ka asibiti ka gani, yara ne jibge."

Na ce ai sauran azuzuwan ba sa yi.

"Sauran azuzuwan malamansu ba sa barin su su yi barci. Mai fentin nan takardunsa cikakku ne, na gani da idona. Kuma Mamanmu tana ajin. Kana ganin zan cutar da mai sunan uwata?"

Na ce a'a, Yaya.

Ya ce zai ƙara fanka. Ya tura mini ragowar burodinsa kamar yadda yake yi tun ina ƙarami. Na ci.

Asabar, da la'asar

Mamana tana tsalle da igiya a tsakar gida tun safe. Ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Lahadi, da la'asar

Yau ma haka. Ko tari ɗaya ban ji ba. Ya kamata in yi murna.

Litinin, da yamma

Abin ya dawo wa Mamana. Ciwon kan, tarin, da jan ido.

An sa sabuwar fanka. Yanzu biyu ne ke damawa.

Na haɗu da malamar ajin a bakin famfo tana wanke fuska. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka zauna a ciki ranar Alhamis, ko?" Na ce na zauna. Ta ce, "To." Ta ce ta roƙi a canja mata ɗaki, an gaya mata masu neman aikin koyarwa sun fi kujerun makarantar yawa. Ta share fuska da gefen mayafi ta koma ciki. Na ga ta tokare ƙofar da dutse don ta zauna a buɗe. Bayan ɗan lokaci Yaya ya wuce ya ce hayaniyar baranda tana hana yara karatu, a rufe.

Talata, bayan magariba

Mun yi faɗa da uwar Mamana. Ba zan rubuta duk abin da aka faɗa ba. Ta ce ita ba Yaya ne ya kai ta kwaleji ba. Ta ce in ni an saye bakina da alheri, ita ba a sayi huhun 'yarta ba.

Na ce ta rage murya, maƙwabta.

Laraba, da safe

Mamana ta tafi gidan kakarta ta wajen uwa. Tsohuwar tana fama da ƙafa, tana bukatar mai miƙo mata ruwa. Mako biyu ko uku. Za ta riƙa karatu a can, na haɗa mata littattafanta.

Haka na gaya wa Yaya. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce.

Na ce amin.

Tsohuwar tana fama da ƙafa. Wannan gaskiya ne. Ta shekara da shekaru tana fama da ita.

Alhamis, lokacin tara

Na wuce ta baranda na leƙa ta gilashi. Malama ta mayar da Barewa kujerar Mamana da ta zama ba kowa, don ta yi tsayi tana tare wa na baya allo.

Juma'a, da yamma

Ban shiga ba. Ba ajina ba ne.

Litinin, da safe

Maman Barewa ta tare ni a bakin get. Tela ce, mijinta ya rasu, ita ke ɗinka mana rigunan gasa duk shekara ba ta taɓa makara ba. Da zare a jikin zanenta ta zo.

"Malam, ina kwana. Ina Mamana? 'Yata ta ce ƙawarta ta daina zuwa."

Na ce tana wajen kakarta, ƙafa.

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Malam, dama tambaya zan yi. Yarinyar nan tari ya hana ta sakat, na sayi magani har kala uku. In an yi hutun ƙarshen mako sai ya lafa. Kai da kake ciki, ko akwai wani abu da ke yawo a makarantar?"

Na ce mura ce ta damina. Na ce ta je asibiti ta gani, yara ne jibge.

Ta ce, "Haka ne kuwa. Tunda kai ka faɗa hankalina ya kwanta." Ta ce rigunan za su iso ranar Laraba.

Na shiga ɗakin kayan wasa na ƙirga ƙwallaye. Ba wanda ya ce in ƙirga.

Talata, da yamma

Uwar Mamana ta kira gidan tsohuwa. An ce yarinya har ta yi kumatu.

Laraba, da azahar

Rigunan sun zo. Na Barewa an yi masa ɗan ado a wuya da jan zare, wanda babu a na sauran. Na ce mata ta huta da atisaye yau. Ta ce, "Malam, tsoro kake kada in gaji in bar wa 'yan aji biyar kofi?" Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Na ba ta ruwa.

Na yi niyyar ce wa malama ta dawo da ita gaba. Wa za a mayar can in an dawo da ita? Kujerar ba za ta zauna ba kowa ba.

Alhamis, bayan la'asar, a barandar asibiti

Da safe suka yi darasi biyu a aji kafin a fito da su gasa. Injin yana aiki tun da sassafe, wata doguwar mota suke fesawa.

Barewa ta tashi da kyau. Ta wuce kowa. A kwana ta biyu na ga kanta ya koma baya, bakinta a buɗe, ƙafafun suna tafiya amma ba ita ke tafiyar da su ba. Ta durƙusa. Iyaye suna ta ihu ta tashi, sun ɗauka tuntuɓe ne.

Da na isa leɓɓanta sun canja launi. Tana jan iska, iskar ba ta shiga. Idonta a kaina.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban san yara ba su da nauyi haka ba.

Yanzu an sa mata robar iska a fuska. Uwarta tana ciki. Takalmin yarinyar ɗaya yana hannuna, ban san inda ɗayan ya faɗi ba.

Juma'a, da hantsi

Likita ya yi tambayoyi a gabana, don ni na kawo ta. Akwai mai shan taba a gida? Babu. Ana girki a ɗakin da take kwana? A'a. Ta taɓa yin fuka? Ko sau ɗaya. Akwai mai ita a dangi? Babu.

"To ina take wuni?"

"Makaranta," in ji uwar.

Ya juyo wajena. Na gaya masa. Bangon, ramin silin, ledar, injin. Ina magana ina kallon aljihun rigarsa. Ya ce ba zai iya cewa wanne ne a ciki ba sai an auna iskar ɗakin, mai yiwuwa ma duka ne suka taru. Ya ce abin da ya sani shi ne ƙirjin yarinyar ya kumbura ta ciki, kuma kada ta sake shiga wurin. Ya tambaya ko akwai wasu yaran. Na ce akwai.

Da ya fita ɗakin ya yi tsit, sai hucin robar iska. Maman Barewa tana gyara wa 'yarta bargo, ba ta kalle ni ba.

"Malam, ƙafar kakar Mamana ta yi sauƙi?"



"A gaishe ta," ta ce.

Asabar, da rana

Yaya ya kawo leburori. An canja kwalin silin da ya lotsa, an shafe baƙin da farin fenti, an fesa turaren ɗaki. Ya kira ni in gani. Ya ce, "Ka ga? Kamar sabo." Idona yana ruwa ina tsaye a ƙofa.

Ya je asibiti da kayan marmari. An ce ko taɓa su ba a yi ba.

Litinin, da azahar

Likitan ya kai rahoto. Wata jami'ar lafiya ta zo da ɗan akwati mai lambobi, ta ajiye shi a kan bencin gaba. Tun safe injin bai yi motsi ba. Mai fentin ya tafi ganin gida, in ji yaransa, tafiyar gaggawa.

Ta ce lambobin sun ɗan haura amma ba su kai na rufe makaranta ba. Ta ce ɗakin ba ya samun iska, a buɗe taga, a cire leda, a rage yara. Na ce mata ta dawo ranar da ake feshi. Ta ce makarantun da ke hannunta sun fi ƙarfin mutum ɗaya, amma za ta duba. Yaya ya raka ta har mota.

Da ya dawo ya ce, "Ka ji da kunnenka. Ba su kai ba."

Talata, lokacin tara

An fasa bulo, an buɗe taga ɗaya ta baya kamar yadda aka ce. Tana kallon injin kai tsaye. Mai fentin ya dawo.

Na shiga na ce wa yara kowa ya ɗauki jakarsa. Na kai su ƙarƙashin rumfar fili. Malama ta biyo mu da alli da ɗan allo, ba ta tambaye ni komai ba. Kafin a tashi har faɗa biyu na raba. Ban taɓa jin daɗin faɗan yara irin yau ba.

Yaya yana tsaye a ƙofar ofis. Bai zo ba.

Laraba, bayan magariba

An yi taron iyaye. Yaya ya yi magana mai daɗi, ya iya. Ya ce an gyara, hukuma ta duba, yarinyar dama tana da rauni a ƙirji. Wani uba ya miƙe ya ce ya ji an ce ƙanin mai makaranta ya cire 'yarsa, gaskiya ne?

Duk suka juyo.

Na ce gaskiya ne. Na ce don ɗakin na cire ta. Na ce wanda ke da yaro a ajin ya sansana rigarsa in ya koma gida.

Ban tuna sauran ba. Hayaniya. Wata mata tana kuka, wani yana buga benci.

Bayan an watse Yaya ya same ni ina jera kujeru. Muryarsa a ƙasa.

"Ranar da aka binne Baba a kafaɗata ka yi barci. Ka tuna?"

Na ce na tuna, Yaya.

"To."

Alhamis, da safe

An mayar da 'yan aji huɗu ɗakin taro. Waɗanda suka rage.

Juma'a, da yamma

An sallami Barewa. An ba ta abin fesawa a baki, za ta riƙa yawo da shi. Na je gidan da takalminta. Uwar ta karɓa a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Daga ciki na ji ana tari, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji.

Litinin, da hantsi

Na iso na tarar da ƙananan kujeru masu launi jere a baranda, ana shigar da su ɗakin. Na tambayi mai gadi. Ya ce yaran ajin raino za a mayar nan, tunda su ba su da yawa, kuma jami'a ta ce a rage yara. Ya ce ai su dama rabin wuninsu barci ne.

Na jawo benci na gindaya a ƙofar na zauna.

Malamarsu ta zo da su a layi, kowa ya riƙe rigar na gabansa. Ta tsaya. Suka tsaya. Wani mai majina ya miƙo mini hannu mu gaisa.

Yaya ya zo. Ya ce, "Tashi."

Tunda nake ban taɓa jin ya ce tashi na zauna ba. Gwiwoyina har sun fara miƙewa da kansu. Na riƙe bencin.

"Auta. A gaban yara?"

Na ce ka yi haƙuri, Yaya.

Mun daɗe a haka. Bayan bango injin ya tashi, yaran suka waiga suna neman inda ƙarar take. Yaya ya ce wa malamar ta mayar da su inda suke. Ya sa kwaɗo a ƙofar, ya jefa makullin a aljihu. Sannan ya miƙo hannu, ya ce in ba shi makullan ɗakin kayan wasa da usur.

Laraba, da rana

Mamana ta dawo. Tana ta tambaya yaushe za ta koma makaranta, ina Barewa, me ya sa Baba babba bai zo ya gan ta ba.

Uwarta tana zuba mini abinci da yawa kwanan nan. Ba ma maganar.

Asabar, da yamma

Na kira lambar jami'ar. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na ce zan je neman aiki a wata makaranta, ƙafata ta bi da ni ta tsohuwar hanya. Get a rufe, amma ta saman katanga ana hango baranda. Babu kwaɗo a ƙofar. An sa wa tagar gaba sabon labule mai zanen 'yan agwagi.

Na daɗe a tsaye. Daga nan na wuce shagon maman Barewa. Tana kan keke, ba ta tsayar da shi ba. Na gaya mata abin da na gani. Na ce gobe zan tsaya a bakin get in gaya wa duk wanda ya kawo ƙaramin yaro, amma ni yanzu korarre ne, za a ce haushi ne. Ita za su saurare ta.

Ta kai ƙarshen ɗinkin, ta yanke zare da haƙori. Barewa tana zaune a kan tabarma tana tsinto maɓallai, abin fesawar yana rataye a wuyanta da igiya.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban tambaya ba.

"Masu ƙananan yara da wuri suke kawowa," ta ce. "Kada ka makara."